Launin Furen Hannu

(Kiɗan buɗe shiri)

Barkanmu da sake saduwa a filinmu na sana'o'in hannu. Ina miƙa gaisuwa ga iyayena mata da yayyena da ƙannena na Bebeji da Kofa da Tiga, da na Kiru da Yako da Kafin Maiyaki da Kwanar Ɗangora, da mutanen Tudun Wadan Ɗankadai, har zuwa Doguwa da Burji da Riruwai, can bayan dajin Falgore. Mai surfe ta ɗan jingine taɓarya, mai ɗinki ta ɗaga ƙafa daga keke, a matso kusa da rediyo, domin maganar yau ta mai neman na kanta ce.

A kan fure za mu yi magana, furen da ake murzawa da hannu a yi wa ɗakin amarya ado, ko a jera a falo, ko a ɗora a kan akwatin lefe. Murza shi fanni ne mai zaman kansa, za mu ɗan taɓa shi. Amma inda na ga 'yan matanmu na tafka asara shi ne wajen ba shi launi, kuma a nan zan daɗe.

Bara da kaka na je bikin 'yar yayata a wani ƙauye a ƙasar Kiru. Ƙanwar amaryar yarinya ce mai hannu, irin wadda in ta ga abu sau ɗaya ta ɗauke shi ke nan. Ta yi mako biyu tana murza furanni don ɗakin yayarta, kowane falle siriri kamar ɓawon albasa. Ana saura kwana huɗu jere, ta ɗauko ragowar jan fentin da aka shafa wa ƙofa, ta sirka da kananzir, ta bi furannin nan ɗaya bayan ɗaya. Da na shiga ɗakin, wari ne ya fara tarbata. Jaririn da ke goye a bayan mamanta sai tari yake yi, yarinyar kuma ta ɗaure kai da ɗankwali don ciwon kai. Furannin kuwa sun yi ja wur, sun yi nauyi, suna ƙyalli kamar an tsoma su cikin manja. Duk jijiyoyin da ta ɓata dare tana fitarwa fenti ya binne su. Ta ɗago ɗaya ta nuna mini, idonta ya ciko, ta ce, "Inna, jiya ya fi haka kyau." Gaskiya ta faɗa. Wannan yarinya ce ta sa na shirya shirin yau.

Kafin mu shiga aiki, akwai wadda za ta ce, shin ma ya halatta? Tambaya ce mai kyau, kuma malamai sun amsa ta tun da daɗewa. A cikin Buhari da Muslim an ruwaito cewa wani mai sana'ar zane ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, shi kuma ya nuna masa cewa in dai dole sai ya yi, to ya koma kan bishiyoyi da abubuwan da ba su da rai. Fure yana cikin wannan sahu. Saboda haka hankali a kwance.

To, da me ake murza furen? Wasu da yumɓu, wasu da takarda. Amma wanda ya fi ba da falle siriri shi ne ƙullun sitaci da gam, wanda ya shahara a ƙasashen Kudancin Amurka irin su Ajantina da Barazil kafin ya bazu duniya. Kofi ɗaya na sitacin masara, wannan mai laushi sul-sul da ake sayarwa a kanti, kofi ɗaya na farin gam na kafintoci irin Top Bond, cokali ɗaya ko biyu na man jarirai, da cokali ɗaya na ruwan lemon tsami don hana fumfuna. A ɗora a wuta kaɗan-kaɗan ana tuƙawa har ya haɗe ya saki tukunya kamar tuwo. A sauke, a shafa mai a hannu a murza, a ƙulle a leda ya kwana. Mu nan ƙasar masara ce, Doguwa da Tudun Wada ba sa neman aro, amma ki lura: garin tuwo daban, sitaci daban. Garin tuwo tsagewa zai yi. Tukunyar da kika yi wannan aiki da ita kuma ta bar kicin har abada.

Halin wannan ƙullu guda biyu nake so ki riƙe, domin a kansu duk maganar launi ta rataya. Na farko, in ya bushe yana tsukewa, launinsa kuma yana ƙara duhu. Na biyu, ba ya shiri da ruwa ko bayan ya bushe. Ki ɗiga masa ruwa, ki bari minti kaɗan, za ki ga ya yi laushi yana danƙo.

Shi ya sa fentin ruwa na 'yan makaranta ba ya yi masa. Akwai kuma akirilik, wanda masu rubuta allon shaguna da masu zane ke amfani da shi. Yana kamawa, ba laifi, sai dai gaggawa gare shi. A zafin Maris da Afrilu, kafin ki ɗauko burushi na biyu ya riga ya bushe, ya bar miki layi ƙarara a tsakanin launi da launi. Fure kuwa ba shi da irin wannan layi. Launinsa narkewa yake yi cikin ɗan'uwansa, kamar yadda jan yamma ke shiga duhun magariba ba ka san inda ɗaya ya ƙare ba. Fentin da ke ba ki lokacin da za ki yi wannan narkarwa shi ne fentin mai na masu zane.

Fentin mai tsohon abu ne. Garin launi ne ake kwaɓawa da man linsid, man da ake tatsa daga ƙwayar tsiron nan da ake saƙa lilin da zarensa. A da masu zane a Turai cikin mafitsarar dabba suke ƙulle shi. Sai a 1841 wani Ba'amurke mai suna John Goffe Rand ya ƙirƙiro ɗan bututun da ake matsawa, irin na man goge baki, kuma da ƙarfen kuza aka fara yin sa, kuzar nan dai da mutanen Riruwai suka sani tun kaka da kakanni. Matsalar wannan fenti ɗaya ce: ruwa ba ya wanke shi. Sai tina, ko tafentain, ko kuma a wurinmu kananzir da fetur. Wanda ke da shago a bakin titi iska na kaɗawa yana iya jurewa. Amma matar aure da ke aiki a ɗaki mai taga ɗaya, da goyo a bayanta, da murhu a tsakar gida, wannan tururi cuta ne, kuma wuta ce ke jiran ashana.

A shekarun 1990 ne wani sabon nau'i ya fara bazuwa: fentin mai wanda ke haɗuwa da ruwa. Kamfanin Winsor & Newton na Ingila, wanda aka kafa a Landan tun 1832, yana yin nasa da sunan Artisan. Royal Talens na ƙasar Holan suna yin Cobra. Holbein na Japan suna yin Duo. Ki riƙe waɗannan sunaye, su za ki faɗa wa mai kanti.

Yaya aka yi mai ya yarda da ruwa? Ai kin san amsar, kullum kina gani. In kika zuba ruwa zalla a tukunyar miyar da ta sha mai, zamewa kawai yake yi. Da kin sa sabulu, sai mai da ruwa su haɗu su tafi tare. To haka masana suka yi: suka gyara man, ko suka sa masa wani sinadari mai aikin sabulu, yadda zai karɓi ruwa. Ke nan burushinki ruwa da sabulu za su wanke shi tas, ko sabulun salo ne. Ɗakinki ba wari, ƙirjin yaronki lafiya.

Sai dai a nan ne mutane ke ruɗuwa, kuma ina roƙon a saurara da kyau. Sun ji an ce ruwa, sai su ɗauka fentin ruwa ne. Har gobe fentin mai ne. Ɗan ruwan da kika sa zai tashi cikin ɗan lokaci, fuskar ta yi kamar ta bushe, alhali man yana nan ɗanye a ƙasa. Shi mai ba tashi yake yi ba, iska yake sha a hankali har ya daskare, kuma wannan kwanaki yake ɗauka. Ruwan ƙasa yakan riga sauran bushewa, fari da wasu jajaye su ne 'yan baya. Sannan kada wata ta ce bari ta tsinka shi da man gyaɗa ko manja. Waɗannan ba sa bushewa, furen zai yi ta danƙo yana kwasar ƙura har ki gaji ki jefar.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yadda ake ba furen hannu launi da fentin mai mai haɗuwa da ruwa. Yanzu bari mu zauna mu yi fure ɗaya tare, daga farko har ƙarshe. Kuma ba furen Turawa na cikin waya za mu yi ba. Furen kuɓewa za mu yi, wanda ke bayan ɗakinki.

Na san wata ta yi dariya. Amma tsakani da Allah, yaushe rabon da ki tsuguna ki dubi furen kuɓewa da safe? Falle biyar gare shi, kowanne ya ɗan hau kan na kusa da shi. Launinsa ruwan ɗorawa ne mai haske ƙwarai, ya kusa fari, kamar man shanun da aka kaɗa yanzu. A can gindin kowane falle akwai ja mai duhu, ya fi zoɓon da ya jiƙu duhu, ya taru ya yi ido a tsakiya. Daga idon nan wasu siraran jijiyoyi suka taso suka ɓace a hanya. Wallahi duk furen robar da ake jibgewa a kasuwa babu wanda ya kama ƙafarsa.

Launin farko tun a ƙullu ake sa shi. Ki gutsuro ƙullu kamar girman ƙwan kaza, ki sa masa farin fenti kamar ƙwayar wake, domin in babu fari zai bushe garai-garai kamar kitse. Sannan ki taɓa ruwan ɗorawa da kan tsinken ashana, ki murza har ya gauraye. Idonki zai ce bai isa ba. Kada ki biye masa, tunda mun ce yana ƙara duhu in ya bushe, kuma fenti in ya yi yawa a ƙullu tsaga shi yake yi. Ki murza fallayenki biyar, ki danna kowanne a kan busasshen ɓawon masara, zai fito da jijiyoyi kamar na gaske. Ki ɗan lanƙwasa bakinsu, ki jera a cikin cokula su kwana biyu.

Ranar shafa, ki samu farantin tangaran ko gutsuren tayil, da tsumma mai tsabta, da burushi biyu masu gashin roba, domin na gashin dabba laushi yake yi in ya sha ruwa. Ki matso ja kaɗan, ki taɓa masa shuɗi, ki taɓa masa ruwan ƙasa, har ya yi duhun idon kuɓewa. Ga furen gaske a gefenki, ki riƙa gwadawa. Baƙi kuwa ki bar shi a kanti, kashe launi yake yi. Ki ɗebi fentin da burushi na farko, sannan ki goge shi a tsumma. Ki sake gogewa. Sai kin ga kamar babu abin da ya rage, to a lokacin ne ya yi daidai. Ki ɗora a gindin falle, wuri kamar faɗin farcen ƙaramin yatsa. Ki ajiye wannan burushi, ki ɗauki na biyun, busasshe, wanda bai taɓa fenti ba, ki riƙa jan launin sama a hankali, kamar mai share gari daga faifai. Za ki ga jan yana bin jijiyoyin ɓawon masarar nan yana raguwa, yana raguwa, har ya ɓace cikin ruwan ɗorawa. Ran da na fara ganin wannan a hannuna, na daɗe ina juya fallen a bakin taga ban iya ajiye shi ba.

Ina ruwan yake a duk wannan? Kusan babu. In fentin ya yi tauri, ɗigo ɗaya a faranti ya isa. In hannunki ya zame, ki ɗan jiƙa bakin tsumma, ki matse shi sosai, ki ɗauke kuskuren da sauri. Amfanin ruwa na gaske yana wajen wanki. A jikin fure kuwa, ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Ganye ma haka. Koren da ke fitowa daga bututu kore ne shar irin na tuta, babu ganyen da Allah Ya halitta haka. Ki karya shi da ɗan ja ko ruwan ƙasa. Bayan ganye ya fi cikinsa haske. Karan zoɓo ja ne mai duhu, na kuɓewa kore ne da ɗan ja-ja a gaɓoɓi. In kina son ƙara duhu a wani wuri, ki bari shafin farko ya bushe tukuna, sannan ki ɗora na biyu ba tare da ruwa ba. Shafi biyu sirara sun fi ɗaya mai kauri kyau da ƙarko.

Wadda ta iya kuɓewa ta iya zoɓo da rama da auduga, dangi ne, ƙirarsu ɗaya. Auduga ma wani darasi gare ta: ranar da ta buɗe fara-fara ce, washegari ta koma ruwan hoda, sai ki haɗa biyun a reshe ɗaya. Mutanen Tiga da Bagauda, ga bado nan a bakin ruwa, fari tas da ruwan ɗorawa a ciki. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Audu Baƙo, ruwa bai yanke muku ba. Mutanen Doguwa da Tudun Wada, ku da ke maƙwabtaka da Falgore, da rani gurjiya takan zubar da ganye ta fito da jan fure mai kauri kamar ɗan kofi. Ga kariya a shinge, bakinta ja cikinta fari, sai dai a kula da ruwan jikinta, guba ne. Har ƙudujin da manomi ke tsine wa a gonar dawa, furensa abin kallo ne. Ni a ganina, ranar da amarya a Kano za ta ce furen zoɓon Kiru take so a ɗakinta, ranar ce wannan sana'a ta zama tamu. Mai kwaikwayon furen roba kuwa da masana'anta take gasa, kuma masana'anta ta fi ta araha kullum.

Sai shanya. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, ɗanyen fenti kama ta yake yi ba ya saki. Ki kife kwali mai 'yan huji a kan aikin, ki ajiye a inda iska da haske ke shiga, ban da tsakar rana, ban da kusa da murhu. Da damina kuwa danshi ne, kuma mu nan kudu ruwa ya fi sauka a wurinmu fiye da su Ɗambatta, daminarmu ta fi tsawo. Fure yakan yi laushi ya sunkuya a watan Agusta. Maganinsa, bayan fenti ya bushe sarai, a ba shi makonni, sai a shafa masa siririn man rufi irin na masu zane, marar ƙyalli. A kuma tuna sitaci abinci ne a wurin ɓera da kyankyaso. Wadda ke son kai kaya bikin bayan kaka, tun ana girbi ya kamata ta gama shafa.

Iyayena mata, ga inda nake so ku tsaya mini a kan yaran nan. Rashin wari ba ya nufin a ci. Wasu launukan, musamman ja da ruwan ɗorawa da shuɗi masu tsada, da ƙarafa irin su kadmiyam da kobalt ake yin su. In an ga kalmar Hue a jikin bututu, alama ce an kwaikwayi launin da wani abu daban, kuma shi ya fi dacewa da gida mai yara. Kada a gyara bakin burushi da leɓe. A wanke hannu kafin a ci abinci, kafin a ba jariri mama. Ruwan wankin burushi a zubar inda kaji da awaki ba sa sha. Wannan fure kuma ba ya hawa kek, ba ya hawa tiren abinci. Furen kek da sukari da launin abinci ake yin sa. Fentin ƙofa da na gini kuwa a raba yara da shi gaba ɗaya, domin bincike ya sha gano dalma a irin wanda ake sayarwa a kasuwanninmu, musamman ja da ruwan ɗorawa. Ba mu manta abin da dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba, inda yara fiye da 400 suka rasu. Tasu daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙwaƙwalwar yaro take fara taɓawa.

Abu na ƙarshe a nan, tsumman da ya sha man linsid. In aka dunƙule shi aka cusa a lungu, yana iya ɗaukar zafi da kansa har ya kama wuta, ba ashana ba garwashi. A baza shi ya bushe a waje, ko a jiƙa shi a gwangwanin ruwa.

Na san abin da ke ranku: kuɗi. Gaskiya ne, kayan waje ne, yana da tsada, kuma ba a kasuwar ƙauye za a same shi ba. Sai an aika Kano ko Zariya wurin masu sayar da kayan zane, ko a yi oda ta waya. Amma ƙaramin bututun Artisan mililita 37 ne, na Cobra 40, ke kuma da kan ashana kike ɗiba, zai daɗe ƙwarai. Launi shida sun wadatar: fari, ruwan ɗorawa, ja mai ruwan hoda, shuɗi, kore da ruwan ƙasa. Ku da kuka saba adashi, mutum shida ku haɗa hannu, kowacce ta ɗauki nauyin launi ɗaya, ku riƙa zama gida ɗaya ranar shafa. Maigida, kai ma da kai nake: in ka sayar da masara ka shiga birni, ka tuna da 'yarka mai hannu.

Yarinyar nan ta Kiru, da ƙaramar salla ta aiko mini da reshen zoɓo mai fure uku. Yana kan teburina yanzu haka, kuma baƙi biyu sun riga sun kai hanci suna shinshinawa.

Lokaci ya cimma mana. Ƙanwata, gobe in Allah Ya kai mu, bayan kin idar da sallar asuba gari ya waye, ki leƙa bayan gida ko bakin gona ki tsinko fure ɗaya kafin rana ta yanƙwana shi. Ki ajiye shi a gabanki, ki ƙirga fallayensa, ki dubi inda launinsa ya fara da inda ya ɓace, sannan ki ɗauki burushi. Wadda ta gwada ta aiko mana da labari, za mu karanta a shiri na gaba. Allah Ya sa wa sana'a albarka.